Darasi: Gano Matsalar Waifar Baya da Feshin Ruwanta a Mota Ƙirar Jif

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana dalilin da ya sa ake sanya wa jif waifa a gilashinta na baya;
2. lissafa sassan waifar baya da na feshin ruwa tare da aikin kowannensu;
3. bambance matsalar wuta da matsalar ƙarfe ta hanyar sauraro da lura, tun kafin a kwance komai;
4. amfani da mita wajen gwada fis da wayoyi;
5. bin hanyar ruwa daga tanki har zuwa bakin feshi domin gano inda ta toshe ko ta ɓalle.

1. Dalilin waifar baya

Motar da ake kira jif a kasuwa da gareji, wato mota mai tashi daga ƙasa irin su Toyota Prado da Highlander da RAV4 da Honda CR-V, bayanta a yanke yake kusan a tsaye, saɓanin ƙaramar mota mai but wadda gilashinta na baya yake a kishingiɗe. Idan jif tana gudu, iskar da ta biyo ta kan rufi da gefuna ba ta iya bin wannan yankakken baya, sai ta bar gurbi mai ƙarancin matsi a bayan motar, inda take juyawa tana ɗebo ƙura da fantsamar ruwan da tayoyi suka tayar tana manna su a jikin gilashi. A ƙaramar mota kuwa iska tana zamewa a kan gilashin ta wuce, shi ya sa yawancinsu ba a yi musu waifar baya.

A arewacin Nijeriya da kudancin Nijar wannan matsala ta fi tsanani, domin ƙurar hunturu da jar ƙasar hanyoyin karkara suna iya rufe gilashin baya a tafiya ɗaya, sannan damina ta zo da nata taɓon. Duk da haka masu motoci da yawa suna ɗaukar waifar baya a matsayin ado, suna barin ta a mace shekara da shekaru. Wannan sakaci ne mai haɗari, saboda direban da ba ya ganin bayansa ta madubin tsakiya ba zai ga babur ɗin da ya matso shi ba, kuma a lokacin ribas cikin unguwa, inda yara ke wasa a bakin ƙofa, gilashi mai tsabta yana daga cikin abubuwan da ke kare rai.

2. Sassan na'urar

Na'urar kashi biyu ce, ta shara da ta feshi, kuma ko da yake makunni ɗaya ne ke sarrafa su, kowacce tana da nata hanyar lalacewa. Wuta tana tasowa daga batir, ta bi ta fis, ta isa makunnin da ke jikin sandar gefen sitiyari, wanda a yawancin jif zobe ne da ake murɗawa a ƙarshen sandar. A tsofaffin motoci makunnin ne ke tura wuta kai tsaye ko ta hanyar rile, amma a sababbi makunnin saƙo kawai yake aikawa ga kwamfutar da ke kula da kayan wutan jikin mota, ita kuma ta ba injin waifa umarni. Daga nan wayoyi suna bin rufi ko gefen ƙasan mota har zuwa baya, su tsallaka cikin ƙofar but ta wata roba mai lanƙwasa da ke kusa da maƙallan ƙofar.

A cikin ƙofar, bayan rufin roba na ciki, injin waifa yake. Ƙaramin injin lantarki ne da ke juya wani haƙori mai kama da zaren noti, shi kuma ya juya babbar giya wadda galibi ta roba ce, sannan wani hannu a jikin giyar ya mai da juyawar ta koma kai-da-kawo. Wannan kai-da-kawo yana fitowa waje ta wani sandan ƙarfe mai ƙananan haƙora a kansa, inda ake ɗaura hannun waifa da noti, a ƙarshen hannun kuma a maƙala robar da ke share gilashi. A cikin akwatin giyar akwai wani ɗan makunni da ake kira makunnin mazauni, wanda ke ci gaba da ba injin wuta bayan direba ya kashe waifa, har sai hannun ya koma inda yake kwanciya.

Sashen feshi kuwa yana farawa ne daga tankin ruwa da ke ƙarƙashin banet a mafi yawan motoci. Wasu motocin suna da famfo biyu, na gaba da na baya, wasu kuma famfo ɗaya ne mai mafita biyu, wanda idan wuta ta shige shi ta fuska ɗaya sai ya tura ruwa gaba, idan aka juya fuskar wutar sai ya juya da baya ya tura ruwa zuwa gilashin but. Siririn tiyo mai tsawon mita da dama ne ke ɗaukar ruwan har bakin feshi, wanda yake saman gilashi, ko kuma, a wasu motocin Turai, a tsakiyar sandan waifar kansa.

> Akwatin kalmomi na 1
> Bolt: ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta cikin waya, ana rubuta shi da harafin V a jikin batir da mita.
> Amfiya: ma'aunin yawan wutar da ke gudana, ana rubuta shi da harafin A a kan fis.
> Fis: siririn ƙarfe da aka yi domin ya narke idan wuta ta wuce ƙima, ya kare waya daga ƙonewa.
> Rile: makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa domin ya buɗe wa babbar wuta hanya.
> Wayar komawa: wayar da ke haɗa na'ura da ƙarfen jikin mota, ta inda wuta ke komawa ga ƙafar batir mai alamar debewa.
> Makunnin mazauni: makunnin cikin injin waifa da ke mai da hannu wurin kwanciyarsa.

3. Kariya da kayan aiki

Kayan aikin ba su da yawa: mita ko fitilar gwaji, sifana, sukurdireba, filaya, siririyar allura, tsumma, da littafin mota idan yana nan. Kafin a taɓa soket ko a cire inji ana kashe mota a zare makulli, idan kuma za a yanka ko a haɗa waya sai a fara cire ƙafar batir mai alamar debewa. Ƙofar but tana da nauyi, kuma sandunan gas da ke riƙe ta suna raunana da tsufa, saboda haka ana tokare ta da itace mai ƙarfi kafin mutum ya sa kansa ƙarƙashinta. Duk soket ko waya mai launin rawaya da aka tarar a cikin rufi ko ginshiƙan mota ana ɗaukar ta a matsayin ta jakar iskar kariya, kuma ba a soka mata mita ko fitilar gwaji, domin hakan yana iya fasa jakar a fuskar mai aiki. Haka nan idan an cire robar shara ana shimfiɗa tsumma a kan gilashi, saboda hannun waifa yana da sifirin, kuma gilashin baya irin wanda ke tarwatsewa gaba ɗaya ne idan ƙarfe ya buge shi.

4. Tsarin bincike

Ƙa'idar da wannan darasi ya ginu a kanta ita ce a fara da abin da ya fi sauƙin dubawa da arha, kuma kada a sayi wani sashe sai gwaji ya tabbatar da mutuwar tsohon. Injin waifa shi ne sashe mafi tsada, kuma shi ne aka fi yi wa zargi ba tare da hujja ba, alhali sau da yawa lafiyarsa ƙalau, wuta ce ba ta isa gare shi.

Bincike yana farawa da tambaya. Ƙwararren mai gyaran wayarin yakan ce wa mai mota: "Alhaji, tun yaushe ta daina? Lokaci ɗaya ta tsaya, ko tana yi tana ɗaukewa? An taɓa yin aiki a ƙofar but ɗin nan?" Amsoshin suna rage rabin aiki, domin waifar da ta mutu bayan gyaran fenti ko canjin gilashi galibi soket aka manta ba a mayar ba, wadda kuma ke yi tana ɗaukewa tana nuni ga waya mai shirin tsinkewa.

Bayan tambaya sai a tabbatar an cika sharuɗɗan aikin waifar. Dole makulli ya kasance a kunne, ƙofar but kuma a rufe sosai, saboda motoci da yawa suna hana waifar baya aiki idan sun ji ƙofar a buɗe. A Toyota 4Runner, wadda gilashinta na baya ke sauka cikin ƙofa, waifar ba ta motsi sai gilashin ya hau har ƙarshe, haka kuma motocin da gilashinsu ke buɗewa daban da ƙofa suna da ɗan makunni da ke shaida rufuwarsa, kuma idan wannan makunni ya lalace waifa za ta mutu ba tare da laifinta ba. Ya kamata kuma ɗalibi ya sani cewa a motocin Turai da dama waifar baya tana shara da kanta idan aka sa ribas alhali waifar gaba tana aiki, kuma wannan tsari ne na kamfani, ba matsala ba ce.

Daga nan mutum ɗaya ya murɗa makunni, ɗaya kuma ya kara kunnensa a jikin ƙofar but. Wannan sauraro ne ke raba hanya biyu: idan an ji gurnanin inji amma hannu bai motsa ba, wuta tana zuwa kuma matsalar ta ƙarfe ce, idan kuwa shiru aka ji, sai a bi sawun wuta.

5. Idan shiru aka ji: fis

Akwatin fis yana ƙarƙashin banet ko a gefen ƙafar direba, kuma zanen da ke cikin murfinsa yana nuna wanne ne na waifar baya. Launin fis yana faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore kuma 30. Ido yana iya ruɗuwa da fis mai siririn tsagu, saboda haka an fi so a gwada shi da mita, ko dai a zare shi a sa mitar a wurin gwajin haɗuwa a saurari ƙararta, ko kuma a bar shi a mazauninsa a auna ƙananan ƙarafa biyu da ke samansa alhali makulli yana kunne. Lafiyayyen fis yana nuna wuta a ɓangarorin biyu, wato kimanin bolt 12.6 idan batir ya cika kuma injin mota a kashe yake, ko tsakanin 13.5 da 14.5 idan injin mota yana aiki.

Fis ba ya ƙonewa haka kawai, kuma canza shi ba tare da neman dalili ba rabin gyara ne. Mafi muni shi ne al'adar sanya fis mafi girma, ko naɗa zaren waya ko takardar gwangwanin sigari a madadinsa. An zaɓi ƙarfin kowane fis ne daidai da kaurin wayar da yake karewa, kuma idan aka hana shi narkewa, wayar ce za ta ɗauki zafi a cikin rufin mota, kusa da soso da yadi, inda babu mai ganin hayaƙi sai wuta ta kama.

*Misali na 1.* A ɗauka cewa injin wata waifa yana jan amfiya 3 a aikinsa na yau da kullum, fis ɗinsa kuma shuɗi ne mai amfiya 15. Ana samun ƙarfin aiki ta hanyar ninka bolt da amfiya, wato 12 sau 3, wanda ya ba da wat 36. Bayan hunturu, ƙura da tsatsa suka ƙame sandan waifar, injin ya kasa juyawa, wutar da yake ja ta haura amfiya 15 nesa ba kusa ba, fis ya narke. Idan aka sa kore mai amfiya 30, hanyar za ta iya ɗaukar 12 sau 30, wato wat 360, ninki goma na abin da injin ke bukata, kuma duk wannan zai koma zafi a cikin inji da waya. Gyaran da ya dace shi ne a saki sandan a shafa masa giris, sannan a mayar da shuɗin fis.

Idan fis yana da lafiya kuma motar tana da rile na waifar baya, ana iya musanya shi na ɗan lokaci da wani mai lamba iri ɗaya daga cikin akwatin, kamar na ham, a ga ko waifar za ta tashi.

6. Wayoyin mahaɗar ƙofa

A jif ɗin da ta kwana biyu, babu wurin da ya kai wannan yawan ɓoye matsala, kuma shi ne wurin da masu koyo suka fi tsallakewa domin daga waje robar tana nan kamar sabuwa. Duk lokacin da aka buɗe but aka rufe, wayoyin da ke cikin robar suna lanƙwashewa a wuri ɗaya, kamar yadda ake karya waya da hannu ta hanyar tanƙwara ta gaba da baya har ta rabu. Zafin rana yana busar da rigar wayar ta tsage, zaren tagullar ciki kuma ya riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Motocin da ake shigo da su na hannu ta Kwatano da Legas sun riga sun yi shekaru ana buɗe ƙofarsu kafin su iso, saboda haka da yawansu suna zuwa da wannan rauni. A motoci masu ƙofar da ke ɗagawa sama robar tana saman ƙofa kusa da rufi, a masu buɗewa gefe kuma, irin su tsofaffin ƙirar Prado da RAV4 ta kafin ƙirar 2013, tana gefen maƙallai.

Alamomin suna da sauƙin ganewa ga wanda ya san su. Waifar tana aiki idan ƙofa tana wani matsayi ta ɗauke a wani, ko fis ya riƙa ƙonewa daidai lokacin buɗe but saboda tsirarun wayoyi biyu sun taɓa juna, ko kuma wasu kayan ƙofar su mutu tare da ita, kamar fitilar lamba, fitilar birki ta sama, makullin but, da wayoyin ɗumama gilashi. Idan biyu daga cikin waɗannan suka lalace a lokaci ɗaya, da wuya a ce kowanne mutuwar kansa ya yi.

Ana tabbatarwa ne ta hanyar cire rufin cikin ƙofa, a zare soket ɗin injin, a auna wuta a bakinsa alhali makunni yana kunne. Idan motar tana hana waifa aiki a buɗe, sai a tura harshen makullin ƙofar da sukurdireba domin motar ta ɗauka an rufe. Samun bolt 12 a mita ba ya wanke waya gaba ɗaya, domin waya mai zare ɗaya tak da ya rage tana iya nuna cikakken bolt alhali ba za ta iya ɗaukar nauyin inji ba, shi ya sa fitilar gwaji mai ƙwai, wadda ke jan wuta, take fallasa abin da mita ta ɓoye. Wayar komawa ma ana gwada ta: ana mayar da soket, a kunna waifa, a auna tsakanin wayar da tsabtataccen ƙarfen jikin mota, kuma idan mitar ta nuna fiye da rabin bolt, hanyar komawar ta yi tsatsa ko ta tsinke.

> Akwatin kalmomi na 2
> Tsinkewa: rabuwar waya da ke hana wuta wucewa, na'ura ta mutu amma fis yana nan.
> Haɗuwa: taɓuwar tsirariyar waya da wata ko da jikin mota, wuta ta yi yawa, fis ya ƙone.
> Zubewar bolt: ƙarfin wutar da ke ɓacewa a wurin tsatsa ko sakakkiyar mahaɗa kafin ya isa na'ura.

*Misali na 2.* Direban wata jif da ke jigilar kaya zuwa kasuwannin ƙauye ya kawo ta da ƙorafin cewa waifar baya ta mutu, kuma wani ya ce masa inji zai saya. Mai gyara ya ga fis lafiya, ya lura fitilar lamba ma ba ta kamawa, sai ya sa fitilar gwaji a soket ɗin inji ya ce wa yaronsa ya riƙa ɗaga ƙofar yana sauke ta a hankali. Fitilar ta riƙa kamawa tana ɗaukewa. Da aka zame robar mahaɗa sai ga wayoyi biyu a tsinke, ta uku kuma rigarta a tsage. Ba a murɗe su wuri ɗaya a naɗe da salatif ba, domin haɗin da aka yi a daidai wurin lanƙwasa zai sake karyewa cikin 'yan watanni. An yanke ɓangaren da ya gaji gaba ɗaya, aka sa sabuwar waya mai laushi mai kauri iri ɗaya, aka yi haɗin a wajen robar ta ɓangarorin biyu inda babu motsi, aka rufe kowanne da rigarsa.

7. Inji, sanda da hannu

Idan wuta da hanyar komawa duk suna da kyau amma injin ya yi shiru, a nan ne zargi ya tabbata a kansa. A tsofaffin motoci ana iya cire shi a ba shi wuta kai tsaye daga batir ta waya mai fis, amma ba a yin haka ga injin da ke ɗauke da allon lantarki a jikinsa, saboda wuta a kan wayar saƙo tana ƙona allon.

Idan kuwa injin yana gurnani hannu bai motsa ba, ana ɗaga murfin gindin hannun a kalli sandan. Sandan da ke kai-da-kawo alhali hannu yana tsaye yana nufin notin ya saki ko haƙoran cikin hannun sun cinye, kuma hannun ne ya saba cinyewa domin ƙarfensa ya fi na sandan laushi. Sandan da bai motsa ba kuma ko dai ya ƙame ne, ko giyar roba ta ciki ta zube. Waifar da ke tafiya a hankali tana nuna sanda mai fara ƙamewa, wadda ke tsayawa a tsakiyar gilashi da zarar an kashe ta tana nuna makunnin mazauni ko wayarsa, wadda kuma ta ƙi tsayawa tana nuna wannan makunnin ko rile da ya manne. Kafin a cire hannu ana sa alamar mazauninsa da salatif a gilashi, kuma kafin a mayar da shi ana kunna injin a kashe domin ya koma mazauni, in ba haka ba hannun zai riƙa bugun jikin ƙofa. Robar shara kanta rana tana ƙeƙasar da ita, kuma masu ƙera ta suna ba da shawarar canza ta tsakanin wata 6 zuwa 12. Kunna waifa a kan busasshiyar ƙura yana cin robar yana kuma karce gilashi, wanda shi ne dalilin da ya sa gyaran waifa ba ya cika sai feshi ya dawo.

8. Feshin ruwa

Nan ma kunne ne ke fara aiki, amma a gaban mota, kusa da tanki. Idan famfo bai yi ƙara ba, ana duba ko feshin gaba yana aiki. A mota mai famfo ɗaya, aikin feshin gaba hujja ce cewa famfon yana da rai, don haka sai a koma kan makunni da rile da wayoyinsu, a mota mai famfo biyu kuwa sai a auna wuta a soket ɗin na bayan, kuma idan wuta tana zuwa bai motsa ba, ya mutu. Ba a barin famfo yana juyawa babu ruwa na tsawon lokaci, domin yana ɗaukar zafi ya ƙone.

Idan famfo yana ƙara amma ruwa bai fito ba, ana fara da cika tanki, sannan a bi tiyo mataki-mataki. Ana zare shi daga bakin famfo a danna makunni: rashin ruwa a nan yana nufin matatar da ke gindin famfon ta toshe da dauɗa. Idan ruwa ya fito da ƙarfi, sai a mayar a je can baya a zare tiyon kusa da bakin feshi. Fitowar ruwa a nan tana nuna bakin feshin ne ya toshe, kuma ana buɗe shi da siririyar allura a hankali, ko, mafi kyau, a cire shi a hura shi ta baya domin dattin ya fita ta inda ya shigo. Rashin ruwa a nan kuma yana nufin matsalar tana tsakani: tiyo ya ɓalle a mahaɗa, ya matse, ko ya tsage a cikin robar ƙofa kamar yadda wayoyi ke yi. Jiƙar yadin rufi, ɗigar ruwa daga fitilar ciki, ko taruwar ruwa a ramin tayar safaya suna nuna wurin. Ba a hura tiyon da iskar injin faci mai ƙarfi, saboda tana iya ɓalle mahaɗa a cikin rufi inda isa gare ta ke bukatar kwance rabin cikin mota.

> Akwatin kalmomi na 3
> Bawul mai hanya ɗaya: ɗan ƙaramin sashe a jikin tiyo da ke barin ruwa ya wuce gaba ya hana shi komawa tanki.

Idan wannan bawul ya lalace a buɗe, ruwa yana komawa tanki bayan kowane feshi, sai direba ya daɗe yana danna makunni kafin ya iso, idan kuma ya manne a rufe, ruwa ba ya wucewa sam.

*Misali na 3.* An canza famfon wata jif, washegari mai motar ta dawo tana cewa idan ta nemi feshin baya gilashin gaba ne ke jiƙewa. Tun da ruwa yana fita da ƙarfi, famfo da wuta ba su da laifi. Famfon mai mafita biyu ne, kuma an sauya tiyoyin wajen mayarwa, don haka musanya su kawai ya warware matsalar ba tare da sayen komai ba.

Yawancin toshewa daga abin da ake zubawa a tanki take tasowa. Garin omo da sabulun wanka suna daskarewa su toshe matata, ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishirin ƙasa yana barin farin ɓawo a bakin feshi, ruwan lagireto kuma yana ɓata fenti yana dusashe gilashi. Abin da ya dace shi ne tsabtataccen ruwa da sinadarin wanke gilashin mota daidai gwargwadon da aka rubuta a jikin robarsa. Wasu daga cikin waɗannan sinadarai, musamman waɗanda aka yi domin ƙasashe masu ƙanƙara, suna ɗauke da metanol, guba mai makantarwa da kisa, saboda haka ba a tsotsar tiyo da baki, ba a kuma ajiye su a robar lemo inda yara za su kai hannu.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa gilashin bayan jif ya fi na ƙaramar mota mai but saurin yin datti?
2. A bayyana aikin makunnin mazauni, a kuma faɗi alamomi biyu na lalacewarsa.
3. Mai gyara ya ji gurnanin inji amma hannun waifa bai motsa ba. Waɗanne abubuwa uku ne zai duba?
4. Fis ja da fis shuɗi amfiya nawa kowanne yake ɗauka? Wat nawa hanya mai bolt 12 za ta ɗauka a ƙarƙashin jan fis?
5. Mene ne haɗarin sanya fis mafi girma a madadin wanda ya ƙone?
6. Waifar baya da fitilar lamba sun mutu a mako ɗaya. Ina ya kamata a fara dubawa, kuma saboda me?
7. Ta yaya waya za ta nuna bolt 12 a mita amma ta kasa tayar da inji?
8. A mota mai famfo ɗaya feshin gaba yana aiki, na baya kuma shiru. Me wannan ya tabbatar, me kuma ya rage a gwada?
9. A jera matakan bin tiyo daga tanki zuwa bakin feshi idan famfo yana ƙara amma ruwa bai fito ba.
10. Aikin gwaji: ƙarƙashin kulawar malami, a nemo fis ɗin waifar baya da robar mahaɗar ƙofa a jikin wata jif, a auna wuta a ɓangarori biyu na fis ɗin, a rubuta sakamakon.